Gawayi Dai Gawayi Ne? Amsar Da Na Kasa Bayarwa A Rediyo

A wani shirin safe da nake gabatarwa, na gayyato wata ɗalibar injiniyancin sinadarai, haifaffiyar Mamobi, don ta gaya wa masu sauraro abin da take bincike a kai. Ta ce tana ƙona ƙoƙon kwakwa ta mayar da shi gawayin tace ruwa. Ba ta kai aya ba waya ta shigo. Wani dattijo ne daga Sabon Zango, wanda na daɗe da sanin muryarsa. Ya ce, "Malam, tambayar mini ita. Shekara huɗu iyayenta na biyan kuɗin makaranta, ashe gawayi aka tura ta koyo? Matan kasuwar Nima suna sayar da gawayi ba su da digiri. Gawayi dai gawayi ne."

Na yi dariya, kuma wannan dariyar ce ta hana ni sakat har yau. Yarinyar ta yi shiru, lokaci ya ƙure, na shiga talla. Tallar da na karanta da bakina ta wata matatar ruwa ce mai "duwatsun albarka", wadda mai ita ya ce tana maganin hawan jini da ciwon sukari. A cikin minti biyar na bari an wulaƙanta mai ilimi, na kuma ɗaga mai yaudara, saboda shi ya biya kuɗin iska. Baba Alhaji, da dukkan girmamawa, ga amsar da ta kamata in ba ka a ranar.

Mu fara daga murhun Hajiya. Idan shinkafa ta kama, takan jefa guntun gawayi a tukunya ta rufe, ƙaurin ya ragu. Ina ƙaurin ya tafi? Gawayi cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Abin da ke kawo ƙaurin yana shiga cikinsu ya maƙale a jikin bangonsu, kamar yadda ƙura ke kama farar riga a lokacin hunturu. Wannan maƙalewar ita ce tushen fannin da yarinyar ke karanta. Aikin masana shi ne su ƙara yawan ƙofofin, su daidaita girmansu, su sa bangon ya kama abin da ake so ya kama ya ƙyale saura.

Gawayin girki ƙofofinsa kaɗan ne, da yawansu a toshe. Idan aka ƙona ƙoƙon busasshiyar kwakwa ba tare da iska sosai ba, sannan aka bi shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000, ƙofofin sai su buɗe. Giram ɗaya na irin wannan gyararren gawayi, da za a shimfiɗa bangon cikinsa, zai rufe kimanin murabba'in mita 1,000. Giram bakwai, abin da bai cika tafin hannu ba, ya yi faɗin filin ƙwallo guda. Duk wanda ya taɓa buga wasa a Kawukudi ya san abin da nake nufi. To, Baba, wannan da na buhun kasuwa ba ɗaya ba ne.

Kuma kada a ɗauka abin wasan ɗakin gwaji ne. Gana ce kan gaba a Afirka wajen haƙar zinariya. A manyan ma'adinai irin na Tarkwa, bayan an niƙe dutse an narkar da zinariyar cikin ruwan sayanayid, da me ake kamo ta? Da gawayin ƙoƙon kwakwa. Shi ake zubawa a manyan tankuna, zinariyar ta maƙale masa, a tsame shi a wanke ta. Daga waje ake shigo da shi, kuma manyan masu sarrafa shi a duniya su ne Sirilanka da Indiya da Filifin da Indunusiya. Alhali ga kwakwa jibge a ƙasar Nzema, ga ɓawon ƙwarar manja tuli a wajen Kade da Twifo Praso. Masu bincike a jami'ar ma'adinai ta Tarkwa da jami'ar KNUST ta Kumasi sun daɗe suna rubutu a kan yin wannan gawayi da kayan gida. Muna biyan dala mu sayi abin da muke zubar da uwarsa a bola. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Wanda ya yi jinya lokacin korona ya ga ƙaramar na'urar nan da ke ba maras lafiya oksijin ba tare da tukunyar gas ba. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A cikin na'urar akwai wani abu kamar tsakuwa mai suna ziyolait, wanda ƙofofinsa ke riƙe naitirojin su bar oksijin ta wuce, har ta kai kashi 90 ko fiye. Ilimin ƙofofi ne ya riƙe numfashin iyayen wasunmu.

Mu hau Arewa. A gundumar Bongo za ka ga yaron da bai taɓa cin goro ba, haƙoransa sun rine. Fulorayid ne ya yi yawa a ruwan burtsatse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, can kuwa rijiyoyi da dama sun zarce haka, har an toshe wasu bayan an kashe kuɗi an haƙa su. Tafasa ruwa ba ya fitar da fulorayid. Abin da ke fitar da shi abu ne mai ƙofofi da ke son kama shi, kamar gawayin ƙashi ko abin da aka lulluɓe da sinadarin alminiyam. Masu binciken Gana sun gwada marmara da dutsen boksait, wanda muke haƙa a Awaso. Mutanen Arewa nawa ne maƙwabtanmu a Nima da Mamobi? Ciwon ƙannensu ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Yanzu in dawo kan tallar da na karanta. Da na san abin da yarinyar ta sani, da ban karanta ba. Gyararren gawayi yana cire wari da ɗanɗanon kulorin da wasu magungunan feshi. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire gishiri, fulorayid ma bai iya masa sosai ba. Zaibar da 'yan galamse ke zubawa a koguna sai an haɗa gawayin da farar wuta kafin ya kama ta da kyau. Kuma kowace ƙofa tana cika. Matatar da ta shekara biyu ba a canja cikinta ba ta zama gidan ƙwayoyin cuta, kana shan ruwanta kana godiya. Babu matatar da ke maganin ciwon sukari. Unguwar da ba ta da masu wannan ilimi, duk mai jaka da zaƙin baki zai ci kasuwarsa a cikinta. Mu da muke rayuwa a kan fiya wata da galan ɗin Kufuor, waye a cikinmu zai iya duba ruwan leda ya faɗi ta wace matata ya bi, da ranar da aka canja ta?

Na san abin da wasu abokaina za su ce, kuma maganarsu da nauyi. Za su ce wannan duk kauce wa gaskiya ne: a hana galamse, a gyara famfo, a daina ce wa talaka ya tace gubar da wasu suka zuba. Na yarda. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa laka a kogin Pra, inda matatar Sekyere Hemang ke ɗiba, ta kai ma'auni 14,000, alhali an gina matatar don 2,000, abin da ya jefa Cape Coast da Elmina cikin ƙarancin ruwa. Babu gawayin da zai iya da wannan. Amma ko yau aka kori kowace na'urar haƙa daga bakin kogi, zaibar da ta kwanta a laka ba za ta tashi ta bi su ba. Fulorayid ɗin Bongo ma daga dutsen ƙasar yake, ba wanda ya zuba shi. Dole a toshe ɓarna, dole kuma a samu masu share wadda ta riga ta auku. Wa muke jira ya zo ya share mana?

A ranar 8 ga Oktoban 2025 aka ba mutum uku kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai: Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi. Sun ƙera wasu abubuwa da ake kira MOF, waɗanda ake tsara ƙofofinsu tun daga tushe kamar yadda magini ke tsara ɗakuna. An gwada wasunsu a hamadar Amurka suna kama danshin iskar dare, rana ta fito su saki ruwa. Yaghi an haife shi a Amman a 1965, ɗan 'yan gudun hijirar Falasɗinu. Ya tashi a ɗaki ɗaya da 'yan'uwansa da dabbobinsu, ba lantarki, ruwan famfo sai bayan mako ɗaya ko biyu. Duk ɗan Zango ya san wannan gidan. Ba na cewa MOF zai kawo ruwa Nima gobe, don har yanzu da tsada. Ina tambaya ne: da a layinmu ya tashi, me za mu ce masa ranar da ya ce zai karanci ƙofofin da ido ba ya gani?

Laifin bai tsaya kan Baba Alhaji ba. Masu binciken ma suna da nasu kason. Suna rubutu da Turancin da ko mai difloma irina sai ya sha wuya, su ajiye a kabad, su jira ƙarin girma. Wanda bai taɓa zuwa ƙofar masallaci ya nuna wa jama'a ruwa mai launi ya shiga ta nan ya fito fari ta can ba, kada ya yi mamaki in an raina aikinsa. Mu 'yan rediyo kuwa namu ya fi muni, domin muna ba mai maganin ƙarfin maza awa guda, mu ba ɗalibin kimiyya minti bakwai.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya ware wani kaso don kuɗin gwaje-gwajen ɗalibanmu, domin bincike kan tsaya ne saboda kuɗin auna samfuri. Attajiranmu da ke gasar kujerun Makka da gudummawar biki su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ɗaya, ai shayar da ruwa sadaka ce mai gudana. Sarakunan Zango su nemi a auna ruwan burtsatsen unguwanni a karanta sakamakon da Hausa. Ni kuma na daina karanta tallar matatar da ba a nuna mini takardar hukumar abinci da magunguna ko ta ma'auni ba, ko da za a rage mini alawus.

Na sake kiran yarinyar, na ba ta haƙuri, ta yarda za ta dawo da kwalabe biyu da gawayinta. Baba Alhaji, kai ma ina gayyatarka. Ka taho da gawayin murhun Hajiya, mu zuba ruwan shuni a kan naka da nata, ka faɗa wa masu sauraro da bakinka wanda ya fito fari.