KUƊIN DATA SABON HARAJI NE A KAN TALAKA

 Maganarmu ta wannan mako a kan wayar salula take, da abin nan da ake kira data, watau kuɗin da mutum ke biya kafin a buɗe masa ƙofar intanet.

Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, kwabo ɗaya ake sayenta. Mai ilmin boko ya saya, ya zauna a gindin itace ya karanta da ƙarfi, duk wanda ke wurin ya ji labarin duniya bai biya ko anini ba. Rediyo ma da ta zo haka aka yi. Yau kuwa dandali ya tashi daga ƙofar fada, ya koma cikin waya. Gwamna in zai yi sanarwa, sai a Facebook. In za a ɗauki ma'aikata, sai a cika takarda ta intanet. 'Yan kwarami a Dawanau suna aika wa juna farashin masara ta WhatsApp tun kafin mota ta tashi. To, wa ke shiga wannan dandali? Sai wanda ya biya kuɗin ƙofa, ƙofofin kuwa uku ne.

Ta fari ita ce wayar kanta. 'Yar ƙaramar waya mai tocila ba ta wannan aiki sosai, sai babba. Daga ƙasashen waje ake shigo da ita, galibi daga Sin, da dala kuma ake sayo ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati. Da aka saki naira, ba a gama watan Fabrairu na 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. Wanda ya je Farm Centre a Kano ya taya waya ya ga abin da ya biyo baya. Cikin 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, sabuwar babbar waya mai araha kuwa takan cinye kusan wannan duka. Wannan fa ma'aikaci ke nan. Manomin da ba ya ganin kuɗi sai kaka, ina ya kama?

Ta biyu ita ce data. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: cikin Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yardar wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Kamfanoni sun ce man dizal da kayan aiki sun yi tsada, ba mu ce ƙarya suka yi ba. Amma ku dubi yadda aka raba nauyin. Attajiri ya sayi data ta wata guda a dunƙule, ta zo masa da sauƙi. Talaka sai ya sayi ta yini ɗaya, wadda in aka auna ta fi tsada, in gari ya waye kuma bai ƙarasa ta ba, ta tafi. Kamar mai sayen hatsi da buhu ne da mai awo kwano kwano, marar hali shi ke biya da yawa.

Ta uku ita ce caji da sabis. A ƙauyukanmu da yawa wutar lantarki baƙuwa ce, sai mutum ya kai wayarsa shagon mai caji ya biya. Mai caji da inji yake aiki, inji da fetur, fetur kuwa kowa ya san inda ya nufa tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi. Bayan duk wannan, sai ka ga mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama yana neman sabis.

Akwai masu cewa wai Facebook wurin shiririta ne, talaka bai yi hasarar kome ba. Muna tambayarsu: kasuwa ba a samun 'yan zaman banza a cikinta? Don haka sai a hana mai rake da mai mazarƙwaila shiga? Manomin da bai san yadda hatsi ya kwana a Dawanau ba, abin da dillali ya faɗa masa shi ne farashi. Yaron da ba shi da data, sai an rufe ɗaukar aiki ya ji labari. Matan aure masu sana'a a cikin gida kuwa, da yawa sai sun ari wayar maigida. Mafi muni, a cikin wayar nan ake gardamar yadda za a mallaki ƙasa, sa'an nan a ce jama'a sun yarda. Wace jama'a? Mu ba a ji bakinmu ba.

Kada wani ya ce mana tsadar nan ba ta da magani. Cikin 2001, da wayar salula ta shigo Nijeriya, layi ɗaya ya kai naira 20,000, aka ce abin manya ne. Da Glo ya shigo cikin 2003, aka yi gasa, farashi ya faɗi, har mai tura baro ya mallaki layi. Haraji da jangali ma an daɗe ana cewa ba su sokuwa, sai ga Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano cikin 1979. Abin da mutum ya ɗaura, mutum na iya kwancewa.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da babbar murya. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusu musamman, USPF, domin kai sadarwa karkara: a faɗa wa jama'a abin da ƙasar Rogo da Karaye suka samu daga ciki. Cikin 2020 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin intanet mai ƙarfi zai kai kashi 70 cikin 100 kafin ƙarshen 2025, gigabait ɗaya kuma ba zai wuce naira 390 ba. Shekarar ta zo, ƙarin kuɗi muka gani. A sauke kuɗin fito a kan wayoyi masu araha. A hana kashe wa mutum datar da ya saya da guminsa. Ƙananan hukumomi su kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a kowace kasuwa, gama suna karɓar kuɗin rumfa.

Ku kuma 'yan'uwa, kafin a yi wannan, wanda Allah ya hore wa babbar waya ya yi yadda masu karanta jarida suka yi a da: ya karanta wa maƙwabtansa, ya kuma rubuta kukansu. In masu neman ƙuri'a sun zo, ku tambaye su maganar nan ido da ido, gama ranar zaɓe suna sanin hanyar Jajaye ba tare da data ba.

Daga Akawun Reshen Jajaye.