Ɗan bida da tukunya: guzurin da muke mantawa



Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, tasha ta fara cika. Daga Tsarnawa, Dogerawa, Badagishiri da Tajaye samari sun ɗaure jaka: wasu Abijan, wasu Kwatano da Akara, wasu arewa, Aljeriya da Libiya. Inna ta ƙulle ƙuli-ƙuli da dabino, baba ya sa albarka, malam ya yi addu'a. Guzuri ɗaya ne muke mantawa, kuma ba a saye shi kasuwa: yaro ya iya dafa abin da zai ci, ya wanke abin da zai sa.

Kwanan baya wani saurayi daga wajen Galmi ya aiko mana saƙon murya daga Tireshbil. Wannan unguwa ta Abijan kan tsibiri take. Su takwas ne cikin ɗaki guda, girki bi da bi. Ranar da layi ya zo kansa ya ɗora shinkafa bisa gawayi, ƙasa ta ƙone, sama tsaba. Mutum bakwai suka kwana da yunwa saboda shi. Ya yi wanki ya shanya, kwana biyu bai bushe ba, ya naɗe shi haka nan ya tura jaka, riguna suka yi funfuna. Ya ce: "Wallahi ni ban san wanki na da dabara ba, a gida ajiyewa nake in tarar an ninke."

Mun yi dariya, amma da muka sake saurare sai dariyar ta tsaya. Laifinsa ne? Ranar Konni awa guda ta ishe ta busar da bargo. Ruwan da ke sauka Abijan a shekara ya ninka namu kusan sau 3, iskar kanta jiƙe take. Wannan dole sai ya je zai gani. Amma awon ruwan shinkafa fa? Wannan a tsakar gidan uwarsa ya kamata ya koya.

Mu yi lissafi. Wanda bai iya girki ba, in yana sayen abinci na jika 1 kullum, jika 30 ke nan a wata, ban da kuɗin mai wanki. Huɗu ko biyar da suka haɗa kuɗi suka sayi shinkafa, mai da albasa, ba za su kashe haka kowannensu ba. Bambancin nan shi ne kuɗin da ake jira gida lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Shi ne kuɗin magani, shi ne littafin ƙanensa na lakwal. Rashin iya tukunya yana cin aike, tun kafin a kai ga wurin turawa.

Abin mamaki, ƙasar Kodebuwa ta san mu da girki. Abincin da talaka da ɗalibi suka fi ci a Abijan sunansa garba: acake na rogo da soyayyen kifin ton, da barkono da albasa. Mutanenmu na Nijar aka sani da saida shi, har ake cewa daga sunan Garba ya samo suna. Mai shayi da ke soya ƙwai bakin titi, namu ne. Mai tsire, namu ne.  Ke nan namiji na iya kunna wuta, ya yanka albasa, ya wanke kwano, kuma ya gina gida da kuɗin.

To me ke faruwa in ya dawo? Mutumin da ya shekara biyu yana soya kifi ga baƙi, ya iso gida ya miƙe bisa tabarma yana kiran a miƙo masa buta. Ita kuwa matar da ya bari, duk watannin nan ita ce uwa ita ce uba: rijiya, itace, daka, awaki, kai yaro likita, wani lokaci har gona. Aikin da ba kunya ba ne a Ajame, ya aka yi ya zama kunya a Sabon Gida?

Mun san abin da za a ce. Dattawa za su ce madafa ta mata ce, haka muka tarar. Wasu iyaye mata ma su ke korar yaro in ya matso murhu: "Tashi nan, kar a ce maka na-mata!" Muna girmama magabata, amma a duba: an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida, yana ɗinke tufarsa da hannunsa. Almajiri ma da muka tura karatu shi ke wanke rigarsa, ba wanda ya ce ya rage daraja.

Ba mu ce a juya gida a rana guda ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Inna, kafin ɗanki ya kai shekara 15, ya iya dafa shinkafa da wake, ya iya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka. Baba, ranar Juma'a ka bar shi ya wanke kayansa da kansa, ya share ɗakinsa. Yayyen da suka riga suka je, ku faɗa wa ƙannenku gaskiya kafin su hau mota: can ba mai ɗauke maka kwano. Ku kuma da kuka dawo, ko bido biyu na ruwa kuka ɗauko wa gida, yaranku na kallo, kuma abin da suka gani shi za su yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saurayinmu na Tireshbil ya sake aiko saƙo. Ya ce yanzu ya iya awon ruwa, kuma in ya dawo da damina, shi zai dafa wa innarsa. Mun ce masa za mu tambaye ta.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su da alheri.