Ba ƙarar wayar ce ke damun maciji ba, jijjigar teburin ce

Bidiyon macizan gida ya cika TikTok da YouTube: mesa kwance cikin akwatin gilashi, fitila mai launi a sama, ƙatuwar sifika a gefe. Da an yi magana, sai mai abin ya ce ai maciji kurma ne. Wannan hujjar ba ta tsayuwa.

Gaskiya ne maciji ba shi da kunnen waje ko dodon kunne. Amma yana da kunnen ciki, kuma wani ɗan siririn ƙashi ya haɗa shi da ƙashin muƙamuƙi. Duk abin da ya girgiza ƙasan da yake kwance, kai tsaye yake isa kansa.

A 2012 masana a Jami'ar Aarhus ta Denmark sun gwada ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Sun gano ta fi jin sauti tsakanin 80 zuwa 160 Hz. Duk mai wasa da saitin sauti a wayarsa ya san wurin nan: gidan bes ne, sautin da ke dukan ƙirji. A 2023 kuma Christina Zdenek da abokan aikinta a Jami'ar Queensland ta Ostiraliya suka gwada macizai 19, suka ga har sautin da ke tafiya a iska yana sa su motsi. Wasu sun matso, wasu sun nemi hanyar gudu.

Don haka siririn sautin shigowar saƙo ba shi ne abin damuwa ba. 'Yar sifikar waya ba ta ma iya fitar da bes na kirki. Matsalar tana wajen babbar sifika, injin wanki, firij, janareto, har da wayar da ke jijjiga a kan murfin akwatin. Mutum yana iya tashi ya bar ɗakin. Dabbar da ke cikin gilashi ba ta da inda za ta, kuma mesar da ba ta samu natsuwa ba takan yini a ɓoye ko ta ƙi abinci.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kusan kowace waya tana da na'urar gane motsi, wadda ke juya allo idan an karkata ta, kuma akwai manhajojin auna jijjiga a Play Store. A ɗora wayar kan teburin akwatin, a kunna kiɗan kamar kullum. Idan layin ya fara rawa, a mayar da sifikar wani teburin, a shimfiɗa roba mai kauri ƙarƙashin akwatin.