Zakin Tambari da Maririn Daji

Duk wanda ya shiga ofishin hukuma a Injamena zai ga tambarin ƙasar Chadi, wanda aka tsayar a 1970: garkuwa mai ratsin shuɗi da ruwan zinariya, rana tana ɓullowa a samanta, dabbobi biyu sun tallafe ta. Ragon dutse yana wakiltar Arewa, zaki yana wakiltar Kudu, a ƙasa kuma taken haɗin kai da aiki da ci gaba. Ra'ayina shi ne wannan hoto ya tauye wa dawan Chadi haƙƙi, kuma duk mai zane ko marubucin da ya tsaya a kansa wajen siffanta ƙasar ya yi ragwanci.

Hujja ta farko, tambarin yana kiran haɗin kai da rubutu, amma da hoto ya raba dawa gida biyu. Namun daji ba su san wannan iyaka ba. A Gonowa, kusa da Bardai cikin duwatsun Tibesti, can ƙuryar Arewa, mutanen dā sun sassaƙa giwa da raƙumin dawa a jikin dutse, dabbobin da yau ake ɗauka na Kudu ne. A tafkin Arshe da ke Enedi, tsakiyar hamada, akwai sauran kadoji, 'yan uwan waɗanda ke kogin Shari. Masu sassaƙar nan sun fi masu tambari sanin ƙasar, domin abin da idonsu ya gani suka zana.

Hujja ta biyu, zakin tambari ba shi da gari. Yana kan tambarin Ingila, yana kan na Senegal, har ma da na Finlan, ƙasar ƙanƙara inda zaki ba ya rayuwa. Akwai darasi a can. Finlan ta zauna ƙarƙashin sarkin Rasha daga 1809 zuwa 1917, kuma a ƙarshen wannan zamani masu zanenta suka shiga neman fuskar ƙasarsu. A farkon shekarun 1890 Akseli Gallen-Kallela ya zana baƙin maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai ƙwanƙwasar itace, da jan kansa, shi kaɗai a kan busasshen itace a gaban daji mara iyaka. Ya bar zakin aro, ya ɗauki tsuntsun da kowane manomi ya san kukansa, hoton kuwa ya shiga cikin waɗanda mutanen Finlan ke gane kansu da su har yau.

Hujja ta uku ta fi ciwo. Zakin takarda ba ya mutuwa, saboda haka yana lulluɓe mutuwar na daji. Gandun Zakuma, wanda aka kafa a 1963, yana da giwaye fiye da 4,000 a 2002. Zuwa 2010 masu farautar haure sun bar ƙasa da 500. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, Chadi tana cikin wuraren da ya yi zamansa na ƙarshe, har aka ayyana a 2000 cewa ya ƙare a daji. Sai a 2016 aka dawo da shi daga Abu Dabi zuwa gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, ya hayayyafa, a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Dabbar da ta ɓace ta dawo, wace alama ce ta fi ta dacewa da ƙasar da ta sha yaƙin basasa ta miƙe?

Za a ce zancen namun daji na Turawa 'yan yawon buɗe ido ne, mai neman abincin yau ba ruwansa da mariri. Harshen Hausa kansa ya ƙaryata wannan. Kakanninmu ba su jira Bature ba kafin su bambanta gwanki da kanki, barewa da gada, ɓauna da dorina. Ba su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba sai da suka zauna suka dube ta. Ilimin nan namu ne, mu ne muka sake shi.

Nan maganar ta iso gare ka, ɗalibi. Kalma tana mutuwa tare da abin da take suna. Da yawa cikinmu za mu iya rubuta shafi guda a kan zaki, wanda ba mu taɓa gani ba sai a hoto, amma a tambaye mu mariri sai mu yi shiru. In za ka siffanta Chadi, ko Nijar, ko Kano, kada ka ɗauko dabbar da ke kan hatimi. Nemi wadda ke ƙasar, ka koyi sunanta, da launinta, da inda take shan ruwa, da abin da ke kashe ta, sannan ka ɗauki alƙalami.