Wasiƙa a Buɗe ga Kafintocin Doka: Jan Fenti Ba Ya Mayar da Katako Maɗaci

'Yan'uwana da 'ya'yana ma'abota zarto da guduma.

Yabo ya zama dole. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, kaya suka yi tsada, hanya ta yi wuya, amma ba ku rufe rumfunanku ba. Gadon angarib da kujerar bambar da ƙyauren ɗaki ba su yanke wa mutanen Doka ba. Allah ya saka muku da alheri.

Sai dai ga abin da ya hana ni barci. Kwanan baya aka kai ni ganin kayan ɗakin jikata: teburin cin abinci da kujeru shida, ja wur, sai ƙyalli suke. An sayar wa ubanta su da sunan mahogani, wato maɗaci. Na ɗaga kusurwar teburin, na ji shi sakayau. Na kifa kujera ɗaya na sa farce, sai ga farin katako a ƙarƙashin fenti. Ba zan ambaci wanda ya yi aikin ba, ya san kansa.

'Ya'yana, jan maɗaci daga cikinsa yake. Ka goge shi, ka shafa masa mai, ya riƙa ƙara duhu da kyau shekara bayan shekara. Fenti kuwa damina biyu ta ishe shi ya fara ɓarewa. Yin aiki da farin katako ba laifi ba ne, talaka ma yana son tebur. Laifin shi ne a canza masa suna a karɓi kuɗin maɗaci. Wannan algus ne. Kun san labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar masa.

Ku dubi kafintocin Amurka na da. Duncan Phyfe, wanda ya rasu a 1854, ya yi suna a birnin Niyok da tebura da kujerun cin abinci na mahoganin da ake kawowa daga yankin Karibiyan, kuma har yau ana ajiye aikinsa a gidajen tarihi. A garin Newport akwai gidajen Goddard da Townsend. Teburin rubutu ɗaya na aikin garin an sayar da shi dala miliyan 12.1 a 1989, bayan ya haura shekara 200. Su ma sukan sa katako mai araha a ciki, inda ido ba ya kaiwa, amma fuskar da aka biya kuɗin mahogani dominta mahogani ce ta gaskiya.

Laifi na biyu ya fi ci mini rai, domin har masu gaskiyarku sun faɗa cikinsa: aiki da ɗanyen katako, a dunƙule shi da ƙusa. Kun fi kowa sanin ƙasarmu ta Gadarif. Baƙar lakar da ke kumbura da damina ita ce ke dardarewa da rani. Katako ma haka yake numfashi. Wanda aka haɗa shi ɗanye zai tsuke in iskar rani ta buso, ƙusa ta yi sako-sako, kujera ta fara rawa da baƙo a kanta. Waɗancan kayan Amurka sun daɗe ne saboda an busar da katakon, an huda rami an fere harshe ya shige daram, an kulle da turken itace.

Haka maigidana, Allah ya jiƙansa, ya koya mana. Yakan jera katako a inuwa, da 'yan sanduna tsakani domin iska ta ratsa, ba mai taɓa shi sai ya ga damina ya ga rani. In yaro ya buga ƙusa inda ya kamata ya huda rami, a gabansa zai wargaza aikin. A lokacin kuka muke yi, yau addu'a muke yi masa. Yanzu kuwa yaro ya yi wata shida a rumfa, ya sayi gwangwanin fenti, a kira shi usta. Wane irin usta ne wannan, wanda kujerarsa ba ta kai ranar sunan ɗan fari?

Ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi. Na san mai saye yana matsa muku, bikin kaka ba ya jira, in an sayar da riɗi kowa so yake a gama masa jiya. Na san maɗaci ya yi wuya, har a 2022 aka sa shi cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Wannan ma dalili ne na a girmama ɗan abin da ya samu, kada a lalata shi da gaggawa.

Roƙona biyu ne. Ku faɗa wa mai saye sunan katakonsa na gaskiya tun kafin a yi ciniki. Ku bar katako ya bushe kafin ku ɗora masa zarto. Allah ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam, daga tsohon kafinta, ɗan'uwanku a Doka.