Zomaye, Kyanwoyi da Kufai: Wa Ya Rushe Garin?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a rubutun labarin tafiya da ɗalibanmu ke yi: marubuci ya isa kufai, ya ɗauki hoton dabbobin da ke kai-komo a kangaye, ya ce "wurin ya rushe", ya wuce. Ina ganin wannan cin amanar tarihi ne, kuma nahawu ake ɗauka a yi shi.

Mu ɗauki tsibirin Okunoshima da ke yankin Hiroshima a Japan. Duniya ta san shi da sunan tsibirin zomaye, domin ɗaruruwan zomaye ne ke tarbar baƙi suna neman abinci. Amma daga 1929 zuwa 1945 rundunar sojan Japan ta yi masana'antar iskar guba a wurin, ta share tsibirin daga taswira don ɓoye sirri, ta kuma yi amfani da gubar a kan mutanen Sin. Ma'aikata da yawa sun ƙare rayuwarsu da ciwon huhu. Sai a 1988 aka buɗe gidan tarihi don tunawa da su. Wanda ya je can ya dawo da labarin zomaye kaɗai, ya yi wa rogo kallon kitse.

Mu Hausawa muna da namu tsibirin. Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya a Sudan, ita ce mashigar da kakanninmu suka riƙa tsallakawa zuwa Jidda bayan tafiyar shekaru a ƙasa. Yau masu yawon buɗe ido sun fi ba da labarin manyan kyanwoyinta da tatsuniyar aljanun da ake cewa Annabi Sulaimanu ya tsare a can. To, amma a kewayenta ne Usman Digna, jagoran dakarun Mahadi a gabas, ya gwabza da sojan Ingila a Tamai a 1884. Kitchener ya mulke ta daga 1886, har yau akwai ƙofa mai sunansa. Gidajenta na dutsen murjani kuwa sun zube ne bayan gwamnatin mulkin mallaka ta mayar da tashar jiragen ruwa Port Sudan, wadda aka buɗe a 1909. Fatake suka bi ciniki, gidaje suka rasa mai yaɓe. Shawara ce wasu mutane suka yanke a ofis.

Ga darasin harshe. Aikatau irin "rushe" da "ƙone" suna shiga jimla ta hanya biyu. Ana cewa "gari ya rushe", ba tare da karɓau ba, tamkar gini ya gaji ya kwanta don kansa. Ana kuma cewa "sojoji sun rushe gari", inda aikau ya fito fili. Tsakaninsu akwai lamirin "an", wanda ke shaida cewa wani ya aikata, ya kuma sakaya sunansa. Lamirin "an" yana da muhallinsa: da shi muke nuna kunya da ladabi, mu ce "an haihu", "an yi rasuwa", da shi muke magana idan mai aikin ya ɓace mana. Amma idan tarihi ya san mai aikin, marubuci ya rubuta "an", to ya ara wa mai laifi mayafi.

Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mai hutu bai je don makoki ba. Na yarda zomo ba shi da laifi, kyanwa ma haka. Mai hutu ya huta. Amma da zarar ya ɗauki alƙalami don wasu su karanta, ya zama shaida, kuma ba a karɓar rabin shaida.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Sudan, inda Hausawan ƙasar suka daɗe suna saye da sayarwa. Al'ummarsu tsohuwa ce: garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya mamaye kasuwar. Tana hannun RSF har zuwa Maris 2025, lokacin da soja suka sanar da ƙwace ta, kuma shaguna sun sha wawaso a tsakani. Nan da shekaru ashirin wani ɗalibi zai tsaya a wurin da alƙalami. Idan muka koya masa "kasuwa ta lalace", da haka zai rufe babin.

Saboda haka, ɗalibi, duk kufan da ka rubuta, yi wa kowace jimla tambaya uku: su wa suka zauna a nan, su wa suka tashe su, a wace shekara? Ka amsa waɗannan tukuna, sannan ka ba mu labarin zomayen.