Kar ku toshe wa kwamfaila baki

Matasanmu na zango masu koyon rubuta manhaja: in kun ɗauko aiki daga Linux zuwa Windows, kwamfaila ya tsaya cak wai bai ga unistd.h ba, wallahi gata ya yi muku. Windows ba ta zuwa da wannan fayil. A nemo madadinsa, a raba hanya da #ifdef, shi ke nan.

Masu ba ni haushi su ne masu kashe gargaɗi don dai aiki ya wuce. Ai long bit 64 ne a Linux ta zamani, a Windows kuwa 32. Ranar da lissafin kuɗin 'yan kasuwa ya haura 2,147,483,647, lambar za ta birkice, ba ƙara ba hayaƙi. Ku sa int64_t tun yanzu.